Ruwan da na ce ƙarya kake yi

Zuwa ga Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ƙanwarka ce Dije. Inna lafiyarta lau, sai ciwon ƙafar nan. Wata bakwai ke nan da rasuwarka, kuma har yau ban yi kuka ba. Ina cin abinci, ina zuwa makaranta in koyar, in dawo gida. Shi ke nan.

Jiya na je wurin ruwanka.

Ka tuna shekarar da aka rufe iyaka, kuna bin hanyar daji da babur zuwa Ƙonni? Ka dawo rigarka sharkaf, ka ce can gaba da Lafani ka ga ruwa yana zubowa daga kan dutse, tsayin mutum uku. A gaban abokanka na tuntsire da dariya, na ce a ƙasar nan da sai an zura guga gaba ashirin kafin a taɓo ruwa? Ni na laƙa maka Mai Ruwan Dutse, 'yan tasha suka ɗauka.

Ka ji haushi, bayan mako ka goya ni har can. Muka tarar da jan dutse a bushe, sai kashin awaki. Ka daɗe kana kallonsa, ka ce, "Wallahi, Dije, nan na gane shi." Na dawo na ba kowa labari, har da ƙarin gishiri. Daga ranar, ko mi ka faɗa a gida sai a ce wani ruwan dutsen ne. Kana murmushi, amma ka rage magana. Na lura, Yaya. Ban dai daina ba.

Shekaranjiya aka kwana ana ruwa. Da safe muka tafi bikin suna wani ƙauye a wajen Lafani, sai na ji ƙara daga bayan gonakin gero. Na bar matan da muke tare na bi ƙarar.

Yana nan. Ja ne, ruwan laka, yana faɗowa cikin wani kwari da ƙarfin da har ƙasa ke motsi. Wata tsohuwa da ke wanki a gefe ta ce in duba da kyau, don sai an yi ruwa mai yawa yake zuba, kafin la'asar ya ɗauke. Su ko suna ba su sa masa ba. Ranar da ka kawo ni, da mun shiga ƙauyen mun yi sallama mun tambaya, da tuni an gaya mana. Ba mu shiga ba, saboda ina sauri in koma in ba da labari.

Na tsaya har zanena ya jiƙe. Na jira hawaye, ba su zo ba. Na buɗe baki na ce, "Yaya, gaskiyarka." Ƙarar ruwan ta yi yawa, ni kaina ban ji muryata ba.

Yau na bi abokanka ɗaya bayan ɗaya a tasha na gaya musu. Suka ce Allah sarki, suka ci gaba da lodin albasa. Ɗaya ma ya manta asalin laƙabin.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga Alkausara. Kowa ya yafe maka ranar jana'iza. Ni ce ban samu na ce ka yafe mini ba.

Taka ƙanwa,
Dije
Illela