Jar Tawada ko Shuɗiya

Kpangalam, Sokodé, 3 ga Maris

Malam Nourou,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya kasuwa?

Ba ka san ni ba. Sunana Raihana Illiyasu, tela ce ni. Ƙasarmu ɗaya, kuma gudu ne ya kawo mu Togo dukanmu: mu mun guje wa mahaifinka Janar, kai ka guje wa waɗanda suka hamɓarar da shi. Direban da ya miƙa maka takardar nan shi ya ce mini mai sayar da kayan moto a Dapaong, wanda ba ya haɗa ido da kowa, shi ne Magajin Janar da ake sa mu rera wa waƙa a lekol, muna 'yan makaranta. Kwantar da hankalinka, ban yaɗa ba.

Shekara ashirin da uku ke nan da sojoji suka tafi da babana, malamin makaranta. Ba gawa, ba labari. Mahaifiyata, Mma, ta ce ba za ta yi wa mai rai takaba ba, har yau tana ɗebe masa tuwo. Yanzu ciwo ya ci ƙarfinta. Ba haƙuri nake so ka ba ni ba. Yana raye ko ya rasu?

Ka huta lafiya.
Raihana

Dapaong, 9 ga Maris

Malama Raihana,

Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Mma lafiya.

Ni ne, ba zan musa ba. Tun ina shekara tara, kullum bayan la'asar Baba yakan zaunar da ni a kujerarsa, ya ce koyon mulki nake. Takardu a gabana, hatimi mai kan zaki a hannuna, tawada iri biyu. Shi zai ce "ja" ko "shuɗi", ni in buga, ya ba ni alewa. Ban taɓa karanta sunayen ba. Shuɗi kurkuku ne, kuma wasu sun fito, sun watsu a ƙasashe. Ja, ba a dawowa.

Ana ba iyalin mutum takarda guda. Ki duba launin hatimin taku.

Na bar ki lafiya.
Nourou

Sokodé, 15 ga Maris

Malam Nourou,

Salamu alaikum. Takardarka ta iso.

Launi ka ce? Takardar asali wani soja ya ƙwace ta a kan iyaka. Fotokofi ce a hannunmu, komai baƙi ƙirin. Hatimin ma a kife yake, kan zakin yana kallon ƙasa. Duk gatan nan, ko hatimi ba a koya maka bugawa daidai ba?

Na yi kuskure na karanta wa Mma wasiƙarka. Tunda ta ji wasu sun fito, ta tashi zaune, ta sha koko, ta sa na wanke babbar rigar babana. Na yi murna, kuma tsoro ya kama ni. In ba ka sani ba, don Allah ka rubuto "shuɗi" kawai, in karanta mata. Ko wannan ma ka yi mana.

Sai na ji daga gare ka.
Raihana

Dapaong, 22 ga Maris

Malama Raihana,

Salamu alaikum.

Da ban sani ba, da na rubuta miki abin da kika roƙa.

Ina shekara goma sha ɗaya mai dafa mana abinci ta gaya mini ma'anar ja. Ban iya ce wa Baba a'a ba. Sai na riƙa kifa hatimin duk ranar da ya ce ja, a tunanina sojoji za su ga takardar ta ɓaci su dawo da ita. Shuɗi ban taɓa kifawa ba. Waɗanda na kifa kuwa, ba a dawo da ko ɗaya ba.

Ki gaya wa Mma ta shiga takaba. Allah ya ji ƙan Malam Illiyasu. In ta tambayi wanda ya shaida, ki ce wanda ya buga da hannunsa ne.

Wassalam.
Nourou