Ƙugiya Ɗaya Tak

Asabar, 4 ga Oktoba

Auta ta tafi. Kwas na makonni uku, asibitin da take aikin jinya ne ya tura su. Ta bar mini ɗan kwikwiyonta, da sikeli, da firji cike da nama.

Ni da ko kaza ban taɓa kiwo ba. Shekara talatin da biyu na yi a maɗaba'a ina gyaran rubutu, jan biro da takarda su ne abin da na sani. Yau ga ni da kare ɗan wata uku a bayan gida, yana kallona ina kallonsa.

Waƙafi ta sa masa suna, wai jelarsa ce ta lanƙwashe kamar waƙafi. Na san da ni take. Na yi kamar ban gane ba.

A bakin ƙofa ta ce, "Baba, amana ce fa." Na ce na ji. Ta tsaya kamar da sauran magana a bakinta, sai direba ya danna hon.

Tun rasuwar mahaifiyarta ban ƙara jin dariyar yarinyar nan ba sai da ta tsinto wannan abin a bayan asibitinsu. In wani abu ya same shi a hannuna... a'a, ba zan rubuta ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Ga inda gizo ke saƙar. Abincin buhu da yake ci, ƙwayoyin nan busassu, shi ke sa masa ƙaiƙayi, ya yi ta susa har bayan kunnensa ya ɗaye. Likitarsa ta ce a mayar da shi kan ɗanyen nama, a hankali, ana rage wancan ana ƙara wannan. Ranar farawa kuma ta faɗo daidai da tafiyar Auta. Wato a kaina za a yi gwajin.

Ta turo saƙo da yamma. Na kwafe shi nan yadda ya zo:

"Baba kada ka dafa komai, danye ake ba shi. Tsoka ta fi yawa, hanta kadan. Ka rika duba kashi kullum da safe. In kashin ya yi fari ya bushe akwai matsala. In rana ta wuce babu kashi ka kira ni."

Jimla biyar, ko ƙugiya ɗaya babu! Danye. Kadan. Rika. 'Yar da na haifa. Idona har ciwo ya yi. Na ɗauko takarda na sake rubuta shi da hannuna, na bi kowane harafi da jan biro na sa masa ƙugiyarsa: ɗanye, kaɗan, riƙa, ƙashi, ƙashin, ƙashi. Na manna a ƙofar firji.

To. Ƙashi kullum, mai danshi, kada ya yi fari. Muddin akwai ƙashi ba sai na kira ta ba. Gara haka, don ni da Auta ba mu iya waya ba, gaisuwa na ƙarewa sai shiru ya zauna.

Talata, 7 ga Oktoba

Wajen mahauci. Na ce wuyan kaza, fukafukai, haƙarƙari, kuma a zaɓo mini ƙashi mai jini-jini, ban son fari.

Ya ajiye wuƙa ya dube ni. "Baba, ƙashi ai fari Allah ya yi shi. Wai zaki ka ajiye a gida ne?"

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina juyawa, na ƙi guda huɗu.

A gida na wanke katakon yanka sau uku, hannuna ban ƙirga ba. Ɗanyen nama. Ƙwayoyin cuta nawa ne a ciki? Na tsaya a kansa yana ci, kowane ƙaras-ƙaras sai in ce ya shaƙe. Bai shaƙe ba. Ya lashe kwano, ya zo zai lashi ƙafata, na ja baya.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ya daina susa. Na zauna na rabin awa ina lura, ko sau ɗaya bai kai ƙafa kunne ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Abincin buhu ya fita gaba ɗaya. Ƙashi ya fi so a kan komai, ni kuma na ga abin da Auta ta nanata har sau uku ba ya yin yawa. Na ƙara masa. Tsoka ma yanzu tsinta-tsinta ce a kwanon.

Shara da safe ita ce abin da na tsana. Shebur a hannu, kai a kawar. Amma yau ido ya faɗa: abin da ya ajiye a gindin katanga fari ne fat kamar alli, yana marmashewa, babu wari ko kaɗan. Na ce lallai ɗanyen abinci akwai tsabta.

Auta ta turo: "Baba yaya kashi?"

Na amsa: "Kullum, safe da yamma."

Ta ce, "Madalla!" har da hoton fuska mai murmushi. Na daɗe ina kallon fuskar nan.

Litinin, 13 ga Oktoba

Kwana biyu ban sami abin sharewa ba. Da farko na ce an rage mini aiki. Yanzu kuma ban sani ba.

Na duba takardar firji. Ƙashi yana nan, mai danshi, ba fari ba. Komai a kan ƙa'ida. To me ya sa nake ta leƙa bayan gida?

Yau wata tsohuwar magana ta dawo mini, ban gayyace ta ba. Auta na makarantar kwana, shekararta goma sha uku, ta rubuto mini wasiƙa shafi biyu. Na gyara ta da jan biro na mayar mata. A ganina gata ne na yi mata. Mahaifiyarta ta ce, "Malam, yarinya ta ce tana kewarka, kai kuma waƙafi ka gani." Daga ranar ba ta sake rubuto mini wasiƙa ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Ya ƙi cin abinci.

Yana zuwa gindin katanga ya tsuguna, ya yi ta nishi, ya yi ɗan kuka siriri, ya taso babu komai. Sau bakwai na ƙirga. Jelar nan da ke lanƙwashe ta saki, tana ja a ƙasa.

Na ce ko ƙashin ne ya yi masa tauri, na daddatsa ƙanana na miƙa masa a tafin hannuna. Ni, a tafin hannuna. Ya shinshina ya kawar da kai.

Na ɗauki waya sau uku na ajiye. In ce mata me? Na bi takarda sau da ƙafa.

Laraba, 15 ga Oktoba

Da safe ya yi amai. Cikinsa ya yi tauri kamar ƙwallo. Na naɗe shi a tsohon tawul, na rungume shi har asibitin dabbobi, zuciyarsa na bugawa a ƙirjina, ban san tawa ko tasa ce ta fi sauri ba.

Likitar da na tarar yarinya ce, ba za ta girmi Auta ba. Ta danna cikin, ya yi ƙara. Aka ɗauki hoto. Ta nuna mini a jikin allo: hanji cike da garin ƙashi, ya daskare kamar siminti.

"Baba, yaushe rabonsa da bayan gida?"

Na ce kwana huɗu.

"Kafin nan yaya yake fita?"

Na ce fari, busasshe, tsaf-tsaf. Har da alfahari na faɗa, Allah ya yafe mini.

Ta ce ba a yi mini bayani ba ne? Na zaro takardar firji daga aljihu na miƙa mata, don ta san ba da jahili take magana ba. Ta karanta. Ta sake karantawa. Ta ce in nuna mata saƙon a waya. Ta ajiye su gefe da gefe a kan tebur, ta ɗora yatsa a kan jan biron.

"Wa ya sa wannan ƙugiyar?"

Na ce ni.

"Baba, ba ƙashi ta rubuta ba. Kashi ta rubuta. Kashi, na bayan gida. Shi ta ce ka duba."

Dariya ta taho mata, ta dubi fuskata, ta haɗiye.

In kashin ya yi fari ya bushe akwai matsala. In rana ta wuce babu kashi ka kira ni. Yarinyar ta faɗa mini komai, a fili, tun ranar farko. Kalma ɗaya da ba ta buƙatar ƙugiya, ita ma na gyara. Garin gyaran gira na tsokane ido.

Sun riƙe shi. Za a sa masa ruwa a jijiya, a yi masa wankin ciki ta baya. In bai fita ba zuwa jibi, sai tiyata, kuma ta ce ƙarami ne ƙwarai, ba za ta yi mini alkawari ba.

Na dawo da tawul kaɗai.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na kira ta lokacin hutunsu na rana. Na shirya yadda zan faɗa, in fara da mahauci, in bi ta kan wayoyin zamani da ba su da ƙugiya. Da na ji muryarta duk ya zube. Na faɗa mata yadda aka yi, tiryan-tiryan.

Ina jin ƙarar cokula a bayanta.

"Gyara mini ka yi, Baba?"

Na ce eh.

"Har yanzu?"

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce an kira su aji, ta kashe.

Na je asibitin da yamma. Yana kwance a keji, an aske masa ƙafa an sa allura. Ya ɗaga kai da ya ji muryata. Na zura yatsa ta cikin wayar kejin, ya lasa, ban janye ba. Na ce masa ya yi haƙuri. Tsoho da furfura yana ba kare haƙuri, kuma ban damu da wanda ya ji ba.

Wanzami ba ya son jarfa. Shekara talatin da biyu ina nuna wa mutane kurensu.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Ya yi! Ƙarfe goma da kwata likita ta kira. Ya yi, ya kuma yi. Ban taɓa zaton zan yi hamdala da ƙarfi a tsakiyar titi saboda kashin kare ba.

Na tura wa Auta. Ta amsa da kalma ɗaya: "Alhamdulillahi." Ba fuska mai murmushi.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Ya dawo gida tun shekaranjiya da yamma. Tsoka da hanta kaɗan, a kan sikeli. Ƙashi sai likita ta ce.

Yanzu da safe ba na kawar da kai. Tsugunawa nake yi da tabarau, har da tsinke. Launin ƙasa-ƙasa, mai laushi. Nakan tura wa Auta rahoto, takan ce "To."

To kawai.

Takardar nan ban mayar da ita ƙofar firji ba. Jan biron kuma ban gan shi ba tun shekaranjiya. Ina zargin wani mai ƙafa huɗu. Ban nema ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Gobe za ta dawo. Jelar ta koma yadda take.

Da hantsi saƙo ya shigo: "Baba saura kwana daya, sai ka daure har na zo."

Daure ko ɗaure? In yi haƙuri, ko in sa masa igiya? Na zauna da wayar a hannu, Waƙafi na kwance a kan ƙafata. Na kira.

Na ce, "Auta, wannan kalmar, da ƙugiya ko babu? Ba na son in yi kasada."

Sai dariya. Irin wadda take yi har ta rasa numfashi, irin ta mahaifiyarta. "Haƙuri nake nufi, Baba! Kada ka ɗaure mini kare!"

Daga nan ta ba ni labarin malaminsu mai barci a aji, da abincin wurin da ba ya ciyuwa. Na ba ta labarin mahauci da zakinsa. Da na duba wayar bayan mun gama, minti arba'in da ɗaya.

Tun kafin in kira na san wacce take nufi. Wannan tsakanina da littafin nan ne.