Tumatirina da Takarar Darnell

Yaya Odessa,

Ina gaishe ki da kewa mai yawa. Ya ƙafar Baba Roscoe? Nan Minnesota 'yata Renita ta warware daga haihuwa, jaririya sai tsotso. Mijinta ne ke mura. Ni lafiya lau, sanyin ne dai ba ya ga-maciji da gwiwata, amma kada ki faɗa wa kowa.

Renita ta nuna mini dandalin intanet da mutanen garinmu ke cacar baki a kan takarar ɗanki Darnell ta majalisar dattawan jiha. Kin san karatuna na tsufa ne, da yatsa nake bi. Wai ba a gidana da na bar shi a ciki yake zaune ba, a Atlanta yake, don haka bai cancanci tsayawa a mazaɓarmu ba. Hujjarsu hoton tumatirina da suka bushe. Wani ya rubuta, "Sanatan da ya kasa shayar da lambu!" Na yi dariya har da hawaye. Yaushe yaron nan ya taɓa ɗaukar bokiti? Da gidan ba kowa, ai da maƙwabcina Cleon ya shayar da su kamar kullum in na yi tafiya.

Sai dai Yaya, hukumar zaɓe za ta kira ni ta waya ranar Litinin in ba da shaida kan inda yake zaune, da rantsuwa. Ina son ya ci, amma ba zan rantse kan abin da ban gani ba. Ki je gidan nawa da sassafe ba sallama, ki taɓa gadonsa ki ji ko an kwana a kai, ki buɗe firij. Abin da kika gani, ki sanar da ni kafin Lahadi.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Earline