Shinkafar da Malam Bukar Ya Ƙi Takawa

Zuwa ga Injiniyan da aka damƙa wa kula da titin da ya ratsa unguwarmu a Haɗeja ya nufi wajen Auyo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da rubutuna. Rabona da wasiƙa tun ina koyarwa a firamare. Na haura shekara tamanin. Matata ta rasu, 'ya'yana suna Kano da Legas wajen neman abinci. Daga ni sai rediyo a gida.

Ina da aboki guda, Malam Bukar, mai gyaran tarun masunta. Aji ɗaya muka zauna a elementare. Gidansa yana tsallaken titinka, masallacinmu ma yana can. Kullum kafin azahar yakan hawo kekensa, ya jingine shi a katangata, ya kama hannuna mu tsallaka. Idona ya yi rauni, shi kuma kunnensa ya yi nauyi. Shi yake gano mana mota, ni nake jiyo mana ƙararta. Haka muka yi shekaru.

Ranar Talata, mako biyu ke nan, ina zaune a dakali ina jiransa, na ji burki ya yi ƙara, na ji ƙarfe ya daku, sai salati ta ko'ina. Na ɗauka akuya aka buge. Wallahi akuya na ɗauka. Sai da maƙwabcina ya turo keken Bukar ƙofar gidana, ƙafar gaba a naɗe, na shafa sirdin na ji tsumman da ni da kaina na ɗaura masa, sannan na gane. Kafin la'asar an yi masa sutura.

Ga yadda abin ya faru, kamar yadda waɗanda suka gani suka shaida mini.

Na ɗaya. Kaka ce, kuma ka san da kaka gefen titin nan daga farko har ƙarshe shanyar shinkafa ce. Ana baza ta a kan kwalta, a kewaye ta da duwatsu don kada mota ta hau. Bukar yana tafe a gefensa, inda mai keke ya kamata ya bi, sai ya iske shanya a gabansa. Da ya bi ta kai, da yanzu yana nan. Amma mu an tashe mu a kan cewa ba a taka abinci. Ƙwaya ɗaya idan ta faɗi, sunkuyawa muke mu tsince. Sai ya karkata kekensa ya shiga tsakiyar titi don ya kauce mata. Babbar mota ɗauke da tattasai tana bayansa. Daga baya direban yana kuka yana rantsuwa cewa ya danna oda. Na yarda ya danna. Bukar ba ya ji.

Na biyu. Za a ce me ya hana shi kaucewa ta ɗaya hannun? Lambatu ne a can, buɗe, zurfinsa ya kai ƙugun mutum. Da ake aikin titin, a daidai turbar da muke bi da ƙafa tun muna yara aka haƙa shi, ba a rufe ba, ba a kuma bar mana wata ba. An auna wa mota wurinta, an auna wa ruwa nasa. Mai ƙafa da mai keke fa, ranka ya daɗe, wa ya auna musu?

Na uku, kuma shi ne ya fi girgiza ni. Washegari da hantsi na fito da sandata na lallaɓa zuwa wurin. An share, an sake baza shinkafa a gefen titi daura da inda ya faɗi, duwatsun ma su ne na jiya. Ban zargi masu shanyar ba. Yawancinsu mata ne masu turara shinkafa, na koyar da iyayen wasunsu. Filin da suke shanya a da, ambaliya ta cinye rabi, gidaje sun cinye rabi. In ba su shanya ba ta ruɓe. Amma a ce mutum ya mutu jiya, yau komai ya koma yadda yake, babu wanda ya zo ko da dubawa daga wajenku? Ban taɓa zaton zan ga haka a garin nan ba.

Roƙona kaɗan ne. A rufe lambatun nan ya zama hanyar ƙafa da keke. A yi tudun da zai tilasta wa motoci rage gudu a gaban masallaci, a ja layin tsallakawa. A zauna da mai unguwa a samar wa masu shanya fili mai daɓe nesa da titi. Kada a aiko a kore su kawai, don za su dawo, kuma ba su da laifin yunwa.

Tun ranar nan ban yi salla cikin jam'i ba. Ina jin kiran salla daga tsallake, in tashi in yi ni kaɗai a ɗaki. Ko gidansa ban iya zuwa ta'aziyya ba, ni da muka yi shekara saba'in tare. Na gaji. Juma'ar nan zan fita, ko da mai kama hannuna ko babu. Na kuma san kaina: idan na iske shanya a gabana, abin da Bukar ya yi shi zan yi, don a tsufana ba zan fara taka abinci ba. Shi ya sa na rubuto tun da wuri, don kada daga baya a ce ba a sani ba.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya tsare ka a kan hanya, ya kai ka tsufa da abokin da zai riƙe hannunka. Allah ya jiƙan Malam Bukar.

Wassalam.

Tsohon malamin makaranta,
Haɗeja.