Kanwa Kafin Wasan Kankiya

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

Talha ya koma Kankiya da safe. Uwarsa Rauda ta ɗaure masa gyaɗa da yaji a leda, ni kuma na tsuguna bakin zaure ina gyaran sarƙar mashin da ba abin da ya same ta.

Tun da ya tafi wurin kawunsa koyon gyaran waya, ya shiga ƙungiyar Koci Labaran, gidan nan ya yi mana faɗi. Ni na koya masa taɓa ƙwallo. Ni ne kocin ƙungiyar garinmu, amma ɗana wasu yake buga wa.

An haɗa mu da su a gasar matasa, ƙarshen wata, a filinmu na Kusada. Jiya muna cin tuwo ya ce, "Baba, in kuka ci mu, wallahi na dawo gida na sa rigarku." Da dariya ya faɗa. Uwarsa ma ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Laraba, 4 ga Satumba

Ciwonmu ɗaya ne, na daɗe da saninsa. Yarana su fara wasa kamar wutar kara, bayan hutun rabin lokaci ƙafa ta yi nauyi. Duk ƙwallon da aka zura mana bana, a ƙarshen wasa ne.

Talha ya taɓa cewa Labaran yana ba su soda a ruwa. Farin garin nan da mata ke sawa a cincin. Ban tambaye shi ƙarin bayani ba, kada ya ga kamar ina neman ilimi wurin Labaran. Da na tambaya.

Asabar, 7 ga Satumba

Sagir, kyaftin ɗinmu, ya nemo mini bayanin a wayarsa. Turanci ne mai nauyi, sai da na bi shi layi-layi da yatsa. Abin da na fahimta: in mutum ya yi ta gudu mai ƙarfi yana tsayawa yana sakewa, wani tsami ke taruwa a naman ƙafarsa, shi ke kawo nauyin. Sodar tana taimaka wa jini ya kwashe tsamin. Ana auna ta gwargwadon nauyin mutum, a sha tun kafin wasa da 'yan awoyi. Sun ce wasu ta yi musu amfani, wasu ba a ga komai ba, kuma tana iya taɓa ciki.

Ina karantawa sai na ji muryar kakata a kunne: kanwa ta kar tsami. Na sa Sagir ya duba. Ashe akwai irin wannan sinadarin a cikin kanwa.

Na daɗe zaune. Wato abin da Labaran ke taƙama da shi, yana cikin tsohon gwangwani a madafin Rauda tun ranar da aka kawo ta gidan nan.

Lahadi, 8 ga Satumba

Ko dai ina ruɗin kaina ne?

Alhamis, 12 ga Satumba

Ba zan ba ɗan kowa abin da ban gwada a kaina ba. Na sa Rauda ta dama kunun kanwa, na ce ta ɗan ƙara hannu. Ta dube ni ta ce, "Malam, haihuwa ka yi ba mu sani ba?" Na sha kofi biyu, na jira, na yi gudu a hanyar Yashe har gonar Alhaji Dikko na dawo. Cikina lafiya lau. Ƙafar ma kamar ta fi sauƙi, ko kuma so nake ta fi.

A hanyar nan muke gudu da Talha da asuba a da. Yakan bar ni in wuce gaba, don kada in ji kunya. Sai daga baya na gane.

Talata, 17 ga Satumba

Na aro sikelin masu awon hatsi, na auna yara ɗaya bayan ɗaya. Manu, golanmu, ya hau yana cewa, "Koci, kasuwa za ka kai mu? Ni dai kada a sayar da ni ƙasa da ɗan maraƙi." Da na gaya musu abin da za su sha, fili ya kaure. Wani ya ce shanu ake ba kanwa in za su fita kiwo. Manu ya ce a haɗa masa da ruwan zafi da ganyen darbejiya, ya yi wankan jego gaba ɗaya.

Sun yi ta dariya, amma ba wanda ya ce ba zai sha ba. Sun yarda da ni. Wannan ya fi tsorata ni.

Asabar, 21 ga Satumba

Talha ya kira uwarsa. Ina jin muryarsa daga tsakar gida. Ta miƙo mini wayar, na ce ina alwala.

Laraba, 25 ga Satumba

Na so mu gwada a atisaye, ruwan sama ya hana mu jiya da yau, fili ya zama fadama. Sagir ya ce a bari sai wani wasan. Wani wasan ba na Kankiya ba ne.

Rauda ta gan ni ina dakan jar kanwa ina aunawa da cokali. Ta ce, "Wannan duka? Ko a tukunyar miyar suna ba a zuba rabinta." Na ce wannan lissafi ne, ba girki ba. Ta ce, "To, Allah ya ba lissafi sa'a," ta koma ɗaki.

Asabar, 28 ga Satumba

An ci mu uku da nema.

Litinin, 30 ga Satumba

Yau zan iya rubutawa.

Ranar wasan na jiƙa kanwar tun safe a jarka, na tace da ƙyalle, na ba kowa nasa bayan azahar. Sun sha suna yamutsa fuska. Sagir ya ce kamar ruwan wanki. Kafin alƙali ya busa usur, Manu yana ta gyatsa, ciki ya taso kamar ganga. Ba a yi nisa ba ɗan bayanmu na dama ya ruga gonar dawa da ke bayan raga. Sai wani ya bi shi. 'Yan kallon Kankiya suka gane, suka fara ihu, "Ku ba su hanya, taki za su kai!" Har mutanenmu na dariya. Lokacin hutu Manu ya durƙusa ya yi ta amai, na cire shi, Sagir ya sa safar gola.

Kunun da na sha, ɗan ruwan kanwa ne a cikin gero mai yawa. Abin da na ba su, kanwa ce tsagwaronta, a cikin da babu komai. Yaya aka yi ban ga bambancin ba? Na auna kowa a sikeli, na auna cokali, ban auna wannan ba.

Talha ne ya ci na uku. Bai yi murna ba, ya juya ya koma tsakiya kansa a ƙasa. Amma kafin ƙwallon, yadda ya yi kamar zai fita gefe, ya ja mai tsaronsa, sannan ya yanko ciki inda ba kowa... Ban taɓa koya masa wannan ba. Ni kaina ban san shi ba. Ina tsaye cikin kunya mafi girma a rayuwata, wani abu a ƙirjina yana tafa masa.

Talata, 1 ga Oktoba

Na zaga gidajen yara. Duk sun miƙe, alhamdu lillahi. Mahaifiyar Manu ta yi mini magana ta bayan labule: "Malam Sadisu, ɗan nawa ƙwallo na ba ka shi, ko tunkiya ka ɗauke shi?" Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ta yi, amma daga yau ruwan randarta kaɗai zai sha. Manu yana kwance yana cewa in taho masa da tukuicin jego.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Talha ya zo bayan masallaci, ba tare da ya sanar ba. Muka zauna a zaure. Na jira ya yi mini dariya, bai yi ba.

Ya ce, "Baba, kanwa fa ba soda ba ce. Akwai ta a ciki, amma da wasu abubuwa masu ƙarfi, da ƙasa. Ba wanda ya san adadin." Ya ce Labaran ma sai da ya nemi shawarar wani ma'aikacin lafiya, kuma a atisaye ya gwada, kaɗan-kaɗan, tare da abinci. Mutum huɗu suka ci gaba da sha. Sauran ta dame su, suka bari.

Na ce kai fa?

Ya ce, "Ni sau ɗaya na sha, cikina ya ƙi. Ban ƙara ba."

Wato duk gudun nan da ya yi mana har ƙarshen wasa, nasa ne.

Na so in ce maganar rigar nan fa, ko da ba mu ci ba. Ta zo har bakina. Sai ya fara ba ni labarin wasansu na gaba, idonsa na ƙyalli, yana zana mini tsayuwar 'yan wasa a ƙasa da tsinke. Na bar shi ya gama. Da zai tafi yana miƙa baya, uwarsa ta tambaya, ya ce a tabarma yake kwana a shagon kawu, ba komai, ya saba.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Atisaye. Mutum tara suka zo. Na raba su gudu gajere-gajere, a tsaya, a sake, maimakon zagayen fili da muka saba. A zanen tsinken nan na gani. Ban gaya musu daga ina ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na je Kankiya. Dama ina da niyyar duba tayar mashin.

Na ɗaure katifar Talha a bayan mashin, da filon. Rauda ta tsaya tana kallona ina jan igiya, sai ta shiga ta ɗauko bargon ta ɗora. Ɗan wasa ba ya kwana a tabarma, baya ke lalacewa, kowane koci ya san wannan.

Na tarar suna atisaye. Labaran ya taso ya ba ni hannu biyu, ya sa aka kawo mini benci. Na ce sauri nake. Na zauna har aka tashi, sannan muka kai katifar shagon kawu.

Ɗakinsa na gida ya yi fili yanzu. Rauda ta ce ko a zuba gyaɗar bana a ciki. Na ce a zuba.

Tayar ban duba ba.