Kaka ta rage min kaya

Daren Alhamis, unguwar Madain Fahad, Jidda

Kafaɗuna kamar an zuba musu barkono. Yau bayan la'asar na cika jakar goyo da kayan tafiyata Kolombiya, na taka daga gida har unguwar Ammariyya don in gwada kaina. A hanyar dawowa na kasa, na tare tasi.

Kawu Isa yana ƙofar gida lokacin da na sauko. Ya ce, "Halas, ya isa haka, ya waladi. Jidda ma ta kayar da kai, ina ga duwatsun masu Sifaniyanci? Kakanninmu da suka tako zuwa nan, Ka'aba ce a gabansu. Kai me ke gabanka?"

Na shige gida. Ni dai so nake in kwana a ƙaramin gari inda ruwan sama ke dukan kwano, inda za a tambayi sunana kafin a tambayi iƙamata, katin izinin zama.

Kaka ce ta ja jakar zuwa ɗakinta, ita da ta ratso Chadi da Sudan a ƙafa tana yarinya. Ta zazzage komai, ta ture takalman gayu da tukunya gefe, ta bar min darduma da gorar ruwa. Sannan ta yaga tsohon zanenta ta naɗe maratayan jakar kamar gammo.

Ta ce, "Rabu da Isa, a mota ya tsufa. Gobe bayan asuba ka koma Ammariyya. Bar kuɗin tasin a nan."

Suna ƙarƙashin matashinta yanzu. Zan je, kuma da ƙafata zan dawo.