Sun Yarda da Ni Ba Rantsuwa, Ni Kuwa Na Yi Ƙarya

Gaisuwa mai yawa gare ka Malam Edita, da dukan 'yan'uwa masu karanta wannan shafi, a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina roƙo ku sakaya sunana da na ƙauyenmu. Kuma don Allah kada ku yanke mini hukunci kafin ku kai ƙarshe, wanda zuciyata take yanke mini kullum ma ya ishe ni.

Ni manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Falanko, wato inda Faransawa ke mulki, a yankin Damargu, kuma ni kaɗai ne mai bin Almasihu a garin. Cin rani na tafi kudu, ciwon ido ya kwantar da ni a asibitin mishan. Can na warke, na koyi karatun boko, na ba da gaskiya, aka yi mini baftisma. Da na dawo gida, yayana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, bai zage ni ba, bai kore ni ba. Cewa kawai ya yi a riƙa zuba mini tuwona daban. Wanda bai taɓa cin tuwo shi kaɗai a bakin zaure ba, yana jiyo 'yan'uwansa suna raha a kan akushi guda, ba zai gane abin da nake faɗi ba. Shekaru na yi a haka.

A nan wajenmu, in rigima ta kai gaban maigari, mai shaida sai ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Ranar da aka fara kirana shaida na ce ni ba zan rantse ba, Ubangijina ya koya mana a Bisharar Matiyu cewa i ɗinmu ta zama i, a'a ta zama a'a, abin da ya wuce haka daga Mugun yake. Aka kwashe da dariya. Amma yau da gobe, aka ga ko a kaina maganar za ta faɗo ba na karkata ta, har ya zama in an rasa gaskiya a kan iyakar gona ko layin rijiya sai a ce, "A kira ɗan mishan." Ba ni da majami'a, ba ni da fasto, ban iya wa'azi ba. Wa'azin da nake da shi ke nan a garin nan, kuma ba zan ɓoye muku ba, har kaina ya ɗan kumbura da shi.

To, ga abin da ya faru da kakar bana. An yanke gero an tara zangarniya a gonaki. Na fita da sassafe, sai na tarar da shanun yayana sun ɓalle sun afka wa tarin wani maƙwabcinmu, sun ci, sun tattake, abin ba kyan gani. Ina cikin korar su sai ga Yaya da gudu, muka fitar da su tare, ba wanda ya gan mu. Ya tsaya yana haki, ya dube ni ya ce, "Ƙanena, in maganar nan ta fita, rumbuna ne zai tafi. Ka san yawan bakin da nake ciyarwa." Ƙanena! Rabon da in ji wannan kalma daga bakinsa tun kafin in tafi kudu. Da yamma ina zaune inda na saba, sai na ji ya ce, "Wai me kake yi can kamar baƙo? Wanke hannu ka matso." Na matso. Na sa hannu a akushin nan hawaye na zubo mini, na ce hayaƙi ne. Har Zabura na tuna, inda aka ce abu ne mai daɗi 'yan'uwa su zauna tare, na ce wa kaina ai addu'ata ce aka amsa. Ashe ni ma na san farashin tuwon, kawai na ƙi duba shi ne.

A safiyar ɓarnar, garken wani Bafillace, bari in kira shi Buba, ya bi burtalin da ke gefen gonar, ɗansa ne ke kora su. Sawun saniya kuwa ba ya faɗin sunan mai ita. Mai gona ya kai ƙara, aka kira Buba da ɗansa. Saurayin ya ce shanunsu ko kara ba su taɓa ba, a kawo Alƙur'ani ya dafa. Maigari ya ce rantsuwa ba abin wasa ba ce ga yaro, a fara neman wanda ya gani. Wani ya ce ai hanyar gonata ke nan, kuma ni mai sammako ne. Sai Buba da bakinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, a tambayi ɗan mishan ɗin. Abin da ya ce, na yarda." Ya taɓa ganin na ba da shaida a kan rijiya, ta faɗo a kan mutanenmu, ta kuɓutar da Fulani.

Maigari ya juyo ya ce, "Ka ga shanu a gonar?" Na ce na gani. Ya ce, "Na wa?" Na ɗaga kai, ga Yaya zaune yana jan carbi, bai ko dube ni ba. Na ce, "Na Buba." Shi ke nan. Ba wanda ya ce in rantse, ba wanda ya sake tambaya. Aka yanke cewa Buba zai ba mai gona karsana kafin Fulani su tashi daga wajenmu, in ya ƙi a tura maganar garin Tanout gaban kumandan, Baturen mulki. Saurayin ya zuba mini ido.

'Yan'uwa, wane irin mutum ne ni? Bitrus da ya yi musun Ubangiji, tsoron mutuwa ya ji. Ni wa ya zare mini takobi? Isuwa na cikin Littafi Mai Tsarki nake yi wa dariya a dā, ina cewa wane wawa ne zai sayar da gādonsa saboda kwanon fate, ashe ni da shi 'yan'uwa ne. Yanzu in na buɗe Littafi ko'ina ni yake kallo. Na buɗe Littafin Fitowa, ga hani a kan shaidar zur. Na gudu Bishara, ga gishirin da ya rasa ɗanɗanonsa, wanda ba shi da amfani sai a zubar a tattake. In na durƙusa zan yi addu'a, bakin da ya ce "na Buba" shi zan buɗe in ce "Ubanmu"? Kullum da yamma Yaya yana tura mini tsokar nama gabana, ni kuwa sai in yi ta juya loma a hannu. Na gwada yi masa magana sau ɗaya, ya ce, "Wace magana? Ai an gama. Bafillace ba ya rasa saniya." Ya ci gaba da cin abincinsa.

Na so in lallashi kaina da cewa karsana ce kawai, in na samu hali in saya wa Buba wata a ɓoye. Sai shekaranjiya ina ɗaure dami a gona, ga Buba da ƙwaryar nono. Na ce a raina yau asirina ya tonu. Ya tsuguna, muka gaisa, ya miƙo mini ƙwaryar ya ce, "Na ga kana kauce mini a hanya, shi ya sa na zo. Kada ka ji nauyina, gaskiya ka faɗa. Karsana ba ta dame ni ba, Allah ke ba da wata. Yaron nan ne ya ƙona mini rai. Har yau yana kuka yana rantse mini, na ce masa tsakanin kai da mutumin da ba ya ƙarya wa zan gaskata? Na karɓe sandar kiwo daga hannunsa. Tun ranar ban ƙara sa hannu a ƙwarya ɗaya da shi ba." Na karɓi nonon, Malam Edita. Har godiya na yi masa.

Ga inda nake. In na je gaban maigari na faɗi gaskiya, rumbun Yaya zai tafi, 'ya'yansa su sha wuya da rani, ni kuma ba raba akushi kaɗai zai yi mini ba, ba na jin zai ƙara kirana ɗan'uwa har kabari. Garin kuma za su ce ashe ɗan mishan ma maƙaryaci ne, kuma ba sunana kaɗai za su kira ba, har da sunan Wanda nake bi. In na yi shiru, kowa zai ci gaba da ganin girmana, Fulani su tashi, wani saurayi ya tafi da tabon ƙaryar da ni na yi. Na san akwai gafara ga mai tuba, amma tuban da ya bar yaron nan a haka tuba ne?

Gero ya kusa gama shiga rumbu, Fulanin ba su da sauran zama mai tsawo. Zan ba direban motar Damagaram wannan wasiƙa, ban sani ba ko amsarku za ta riske su. Yau da yamma Yaya zai ce in wanke hannu in matso, can bakin ruga kuma ɗan Buba zai ci nasa shi kaɗai.

Me zan yi?